Ranar da Aka Kama Ubana a Madadina

Ba zan faɗi sunana ba, don 'yan'uwana suna nan zaune a Omdurman ta ƙasar Sudan, kuma sun sha kunyata iya sha. Ni ɗan maƙerin zinariya ne. Kakana ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Nilu, ya zauna ya kama ƙira, bai ƙara gaba ba. Ubana ya gaje shi, yana da ɗan shago a layin maƙera na babbar kasuwa, wanda in mutum biyu suka zauna ciki gwiwa na gugar gwiwa. A nan na girma. Tun ina ƙarami nake riƙe hantsaki, kafin in kai ashirin ina haɗa bakin sarƙa yadda ko mai ita ba za ta gane inda ta tsinke ba. Mata sukan zo daga unguwannin Bahri da Mayo, har daga ƙauye, su kwance bakin mayafi su zube wa Baba abin da suka mallaka a duniya, su tafi ba tare da sun karɓi ko takarda ba. In an tambaye su sai su ce ai shagon Alhaji ne.

Na yi aure da wuri. Matata Safiya ta haifa mana 'ya mace, muka sa mata Zainaba. Tana da shekara uku zazzaɓi ya kama ta ranar Talata, ranar Alhamis muka binne ta. Mutane suka yi zaman makoki kwana uku, aka naɗe tabarmi, kowa ya koma harkarsa. Ni ma na koma shago, amma wani abu ya zauna mini a ƙirji kamar an aza dutsen niƙa. Abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa, in ana magana sai in ji ta kamar daga bayan bango. Wata rana bayan la'asar na yi ƙarfin hali na gaya wa Baba cewa ina jin kamar ba ni ba ne. Ya ce in yawaita istigfari, namiji ba ya zama da kuka, shi ma ya binne 'ya'ya uku kafin ni. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, abin da ya sani ke nan. Daga ranar na kulle bakina.

A shagon da ke kusa da namu akwai wani mai wanke zinariya da goge ta, sunansa Hamad, mutum mai raha. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya ja ni bakin kogi, wai in sha iska. Muka zauna ƙarƙashin itatuwa da abokansa, sai ya fito da gorar ruwa ta roba, ya tsiyaya a kofin shayi ya miƙo mini. Aragi ce, giyar da ake dafawa da dabino, fara ƙal kamar ruwa. Na ce masa ni ɗan gidan salla ne. Ya ce ai shi ma, kofi ɗaya magani ne kawai. Na sha. Ta ƙone ni daga maƙogwaro har ciki, amma kafin la'asar dutsen nan ya ɗaga. Na yi dariya karo na farko cikin wata biyar, na koma gida na yi barci.

Ku ji wannan da kyau, yara, don manya ba sa gaya muku. Ranar farko giyar tana aiki. Da ba ta aiki, da babu wanda zai koma mata. Sai dai washegari dutsen yakan dawo, kuma ya fi na jiya nauyi.

Daga Juma'a zuwa Juma'a, sai ta koma Juma'a da Talata, kafin shekara ta zagayo babu ranar banza. Na san gidan da ake sayar da ita a can ƙarshen gari, inda motocin haya ke juyawa. Nakan zuba ta a gorar ruwa in ajiye ƙarƙashin teburin aiki, in cika baki da kanumfari don kada a ji wari. Sannan hannuna ya fara rawa da safe. Maƙerin zinariya hannunsa ne jarinsa, ni kuwa sai in ɗauki hantsaki ya yi ta kaɗawa kamar ganye, ba ya tsayawa sai na kurɓa. A nan ne na daina sha don in ji daɗi, na koma sha don in iya zama mutum. Da Hamad ya ga ba ta isata, ya haɗa ni da wasu ƙwayoyi da ake sayarwa a ɓoye.

Abin da Baba ke ba ni na aikina ya daina kai ni ko tsakiyar mako. A ƙarƙashin teburin kowane maƙeri akwai fatar da ake shimfiɗawa ta tare garin zinariyar da ke zuba in ana gogewa, ƙarshen wata a tattara a narke. Da shi na fara. Na ce wa kaina ai ƙura ce, wa yake lissafin ƙura. Daga nan in an kawo sarƙa gyara sai in cire ƙwaya ɗaya ko biyu in haɗe bakin. Lokacin yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, ya bar mini sikeli da dutsen gwaji, duk abin da na faɗa shi ne. Yakan zauna a bakin ƙofa da carbinsa yana gaisawa da mata, ni ina bayansa ina yankar musu dukiya da sunansa.

Safiya ce ta fara ganewa. Wata safiya tana wanki ta kira ni, ta ce ta daɗe tana jin warin a jallabiyata, ta yi shiru ne tana jira in faɗa da kaina. Ta ce ita ma 'yarta ce ta mutu, amma ba ta ga na taɓa tambayarta yadda ta kwana ba. Na ɗauko Alƙur'ani na dafa na rantse na bari. Kwana huɗu na yi. Rana ta biyar na sayar da kaskon turarenta da zannuwan gadonta na aure. Ta tattara kayanta ta koma gidansu a Bahri, ni kuma na gaya wa Baba wai uwarta ce ba ta da lafiya.

A cikin wannan hali aka kawo wata aragi da aka gauraya da wani abu mai guba, mutane da dama suka kwanta. Hamad yana cikinsu. Ya rayu, amma idonsa ya tafi. Na je duba shi, na same shi zaune a kan gadon igiya yana laluben kofin ruwa. Ya riƙe hannuna yana kuka, ya ce in ji tsoron Allah in bari. Na ce masa na bari. Ina fita daga gidansa na hau rakasha, keken haya mai ƙafa uku, ban zame ko'ina ba sai gidan mai aragi, don abin da na gani ya tayar mini da hankali, kuma ban san wata hanyar kwantar da shi ba. In kuna son ku san mece ce wannan cuta, to ga ta nan.

Ana nan sai wata tsohuwa ta zo shago, ana kiranta Inna Asha. Mutanen ƙauye ne, fari da rashin zaman lafiya suka koro su, suka zauna a unguwar Dar Salam, can bayan gari, cikin ɗakin laka ɗaya. Ita tana soya gyaɗa tana sayarwa a tasha, mijinta Malam Adamu yana leburanci wurin magina. Ta ji Baba yana Hausa, ta saki jiki. Ta kwance wani tsumma da ta ɗaure a ƙugu, ta fito da awarwaro biyu na zinariya, masu kauri, irin ƙirar da. Ɗaya ya tsage. Ta ce na uwarta ne, da za su gudo komai sun bari sai su, ta ajiye su ne don ranar da babu. Baba ya shafa su da yatsa ya ce a wanke duka biyun a gyara mata, kuma kada a karɓi ko sisi.

Na yi kwana uku ina kallon awarwaron nan. Na san aikin hannuna. Na ƙera irinsu sak da tagulla, na yi musu ruwan zinariya, har 'yar lotsawar da ke jikin ɗaya sai da na kwaikwaya. Na gaske na narke su na sayar a Hartum. Da Inna Asha ta dawo ta ga suna ƙyalli, ta yi ta sa mini albarka, ta ce, “Allah ya ba ka masu yi maka, ɗana.” Ta ƙulla mini gyaɗa a leda. Na karɓa, har na ci.

Bayan ita na yi wa mata shida ko bakwai haka, ban ma riƙe fuskokinsu ba.

Wata takwas da yin wannan, Malam Adamu ya faɗo daga saman gini, ƙafarsa ta karye ƙashi ya fito. Likitoci suka ce sai an yi aiki da gaggawa, kuma sai da kuɗi. Ranar da babu ta zo. Inna Asha ta ɗauki awarwaronta ta shiga shagon zinariya mafi kusa da asibitin. Mai shagon ya goga a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, wurin ya yi kore. Ya ɗauka 'yar damfara ce, ya tara mata jama'a, aka kira 'yan sanda. Kwana uku ta yi a tsare tana rantsuwa, Larabcinta bai isa ta kare kanta ba, mijinta kuwa yana kwance ba mai tsaya masa. Kafin a saurare ta ƙafar ta ruɓe, aka yanke ta daga gwiwa. Duk wannan daga baya na ji. Abin da ta iya gaya musu shi ne babu hannun da ya taɓa awarwaron nan sai shagon Alhaji a Omdurman.

Da hantsi suka zo kama mai shago. Ina zaune wurin mai shayi, tsallaken layi, ina jiran abin da na sha ya kwantar mini da hannu. Na ga 'yan sanda biyu sun tsaya a ƙofarmu da tsohuwar a bayansu. Na ji an tambayi wane ne mai shago, Baba ya ce shi ne. Aka ɗora masa awarwaron a tafin hannu. Bai iya ganinsu sosai ba, amma ya ɗaga su ya auna nauyinsu a hannu, ya ƙwanƙwasa ɗaya a bakin tebur ya saurara. Shekara hamsin yana ƙira, ba ya bukatar ido. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya juyo wajen mai shayi, inda ya san nakan zauna, ya daɗe yana fuskantar wurin. Sannan ya ce da su, “Aikin shagona ne. Mu je.”

Suka tasa shi gaba, tsoho mai shekara saba'in, ta tsakiyar layin maƙera, rawaninsa ya warware yana ja a ƙasa, mutanen da suka san shi tun yana saurayi suna leƙe daga shagunansu. Taku ashirin ne tsakanina da shi. Ban tashi ba. Na sunkuyar da kai cikin kofin shayi har suka ɓace, sannan na bi ta bayan kasuwa na tafi gidan mai aragi. Kwana biyu na yi a can, kwance a gindin katanga cikin amaina, ina roƙon Allah ya ɗauki raina kafin in farfaɗo.

Yayata Hawwa ce ta nemo ni. Mace mai kamun kai, wadda ko sunan irin wannan gida ba ta taɓa furtawa ba, ta shigo da rana tsaka, mashaya suna kallonta. Ba ta zage ni ba. Ta tsuguna ta ce ta kai wa Baba abinci, ya gaya wa mai bincike cewa shi ya yi ƙirar da hannunsa, kuma ya hana a neme ni.

Na ce, “Yaya, ai ba ya ma gani.”

Ta ce, “Sun san haka. Ya ce shi ya tsufa, kurkuku ba zai rage masa komai ba, kai kuwa kana da sauran kwana. Ya ce kada in faɗa maka. Ni kuma na faɗa, ka yi yadda ka ga dama.”

Ta tashi ta tafi. Zan so in ce muku nan take na miƙe na bi ta, amma na yi wa kaina alkawari zan faɗi gaskiya. Sai da na ƙara shan kofi biyu kafin ƙafata ta iya ɗaukata zuwa ofishin 'yan sanda. Na faɗi komai, har da na sauran matan. Aka saki Baba da yamma. Da aka fito da shi muka haɗu a baranda, na faɗi na kama ƙafarsa. Ya dafa kaina kawai, Hawwa ta ja shi suka wuce. Alƙali ya yanke mini shekara huɗu, da bulala ta shan giya. Baba ya sayar da shagon da kayan aikin kakana, ya mayar wa kowace mace zinariyarta.

Bulala ba komai ba ce a kan abin da ya biyo baya. Tun ina tsare kafin shari'a jikina ya fara neman abin da ya saba. Gumi ya jiƙa ni sharkaf, haƙorana suna haɗuwa, duk abin da na ci sai ya dawo. Rana ta uku na fara ganin kunamu suna fitowa daga bango suna hawa ƙafafuna, ina ihu ina kakkaɓewa, 'yan ɗakinmu suna danne ni. Na riƙa jin muryar Inna Asha tana sa mini albarka, ba ta tsayawa. Na buga kaina a bango don ta yi shiru. Daga nan na faɗi ina shure-shure kamar mai farfaɗiya, sai farkawa na yi a asibitin masu taɓin hankali, an ɗaure ƙafata da sarƙa a jikin gado, gandiroba yana zaune a gefe.

Likitar da ta duba ni mace ce, ba ta girme ni ba. Ta ce saura kaɗan in mutu, don wanda jikinsa ya saba haka ba a yanke masa lokaci ɗaya ba tare da magani ba. Da na ɗan dawo hayyacina ta ja kujera ta zauna, ba ta tambaye ni abin da na sata ba, ta tambaye ni yaushe na fara sha, kuma me ya faru kafin nan. Na buɗe baki in ce ba komai, sai na ji na ambaci sunan Zainaba. Shekara shida ban furta shi ba. Na yi kuka har na kasa numfashi, ita kuwa ta bar ni na gama. Ta ce abin da ya same ni bayan rasuwar ciwo ne mai suna, yana da magani, mutane da yawa suna fama da shi suna ɓoyewa. Ta ce shaye-shayen ma ciwo ne, amma wannan bai wanke ni daga abin da na yi wa mutane ba, dole in ɗauki duka biyun. Ta rubuta mini magani, aka mayar da ni kurkuku.

Sau ɗaya Baba ya zo ganina, Hawwa tana riƙe da hannunsa. Ya tambaye ni ko ina cin abinci, ko ina salla. Da lokaci ya kusa ƙarewa ya matso da bakinsa jikin ragar wayar da ta raba mu ya ce, “Ka zo mini da ciwo, na sallame ka da wa'azi. Wannan nawa ne, ka yafe mini. Sauran kuwa naka ne.” A shekara ta biyu ya rasu. Gandiroba ne ya kira ni ya gaya mini bayan an riga an binne shi. A shekarar kuma takardar Safiya ta iso tana neman saki, na ba ta, don ba ni da bakin hana ta.

Ko a cikin kurkuku ana samun abin sha da ƙwaya ga mai nema. Sau ɗaya na faɗa, bayan rasuwar Baba. Da na farka na kai kaina wurin ma'aikacin jinya na faɗa masa, aka sake kai ni wurin likita. Tun daga ranar ban ƙara ba, ba don na fi ƙarfinta ba, sai don na daina yarda da kaina ni kaɗai.

Da aka sallame ni Hawwa ce kaɗai a bakin ƙofa. Ta ba ni ɗaki a gidanta. Babu maƙerin zinariyar da zai bar ni in taka shagonsa, kuma ban ga laifinsu ba. Yanzu ina aiki wurin wani mai walda a Bahri, muna ƙera ƙofofi da gadajen ƙarfe. Duk wata ina zuwa asibiti karɓar magani, duk Alhamis kuma muna zama da wasu mutane irina, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce. Hamad ma yakan zo, ni nake biya masa in riƙo hannunsa.

Sai da na yi wata uku da fita kafin na iya zuwa Dar Salam. Na yi ta tambaya har aka nuna mini ɗakin. Malam Adamu yana zaune a inuwar katanga, sandunansa a gefe, yana ɓare wa matarsa gyaɗa. Na yi sallama na durƙusa, na faɗi ko ni wane ne. Inna Asha ta fito ta tsaya tana kallona. Na ce na zo neman gafara.

Ta ce, “Zinariya dai Alhaji ya mayar, Allah ya ji ƙansa. Ƙafar fa? Ka zo da ita?”

Malam Adamu ya ce ta bari haka nan, shi ya yafe, don shi ma yana son Allah ya yafe masa. Ita kuwa ta ce shi ya yafe nasa, ita ta sa mini albarka da bakinta, ta ba ni gyaɗarta na ci, wannan ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Ta koma ciki ta saki labule. Har yau ba ta yafe ba. Duk ƙarshen wata nakan je in yi musu abin da zan iya, in gyara rufi ko in ɗebo ruwa. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma taɓa amsa gaisuwata ba.

Ku da kuke tasowa, ba wai na fi ku sani ba ne, na dai riga ku faɗawa rami. Babu wanda ya tashi da safe ya ce yau zan zama ɓarawo. Ni da kofin shayi ɗaya na fara, da ƙurar da na ce babu mai lissafinta. Wanda ya miƙo muku kwalba ko ƙwaya ya ce magani ce, ba lallai maƙiyinku ba ne, wataƙila shi ma ciwo ke cinsa, amma ku ƙi karɓa. In wani abu ya danne muku ƙirji, ku faɗa wa na gaba da ku. In bai gane ba ku faɗa wa wani, ku je asibiti, ba hauka ba ne kuma ba raunin imani ba ne. Wanda kuma ya riga ya faɗa ciki, kada ya ce sai ya gama jin kunya zai nemi taimako, kada kuma ya yi ƙoƙarin yankewa shi kaɗai a ɗaki. Ya je wurin likita tun da sauran wanda zai raka shi.

Na tuba ga Allah, ina kuma fatan ya karɓa. Amma tuba ba ta mayar wa Malam Adamu ƙafarsa ba, ba ta kuma tashe ni daga kan kujerar mai shayi ranar da aka tafi da ubana ba. Da wannan zan zauna har in koma ga Ubangijina. Yau dai ban sha ba. Ku taya ni roƙo gobe ma ta zo haka.